GR Corolla: Core, Circuit ko Morizo, ina ƙarin dala 14,000 yake tafiya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon waya a Farm Centre ta Kano yana juya waya biyu a hannu ya san irin wannan ruɗani. Kamfani ɗaya, suna ɗaya, fuska kusan ɗaya, amma an liƙa wa ɗaya "Pro" a ƙarshen sunanta, kuɗinta kuma ya yi sama. Sai ka tsaya kana tambayar kanka, wannan ƙarin kuɗin me nake saya da shi? Kyamara ce, ko ma'adana, ko kuwa sunan kawai?

Masu ƙera motoci sun riga masu waya fara wannan dabara da shekaru masu yawa. Mota ɗaya sai a fitar da ita mataki-mataki, kowane mataki da sunansa da farashinsa. Mu ma a nan mun saba da abin ko da ba mu kula ba, domin duk mai neman Corolla ya san dillali zai tambaye shi: CE kake so, ko LE, ko S? Yau za mu ɗauki mota guda wadda bidiyonta ya cika YouTube da TikTok, wato Toyota GR Corolla, mu warware matakanta ɗaya bayan ɗaya. Za mu yi amfani da farashin kasuwar Amurka na samfurin 2023, shekarar da ta fara fitowa, saboda a nan ne aka fi ganin bambancin ƙarara, kuma daga can ne irin wannan mota za ta iya biyo jirgi ta iso gare mu.

A wannan shekarar matakai uku aka fitar. Core a kan dala 35,900, Circuit Edition a kan dala 42,900, sai Morizo Edition a kan dala 49,900. Ka lura, dala 7,000 ce cif tsakanin kowane mataki da na gaba da shi. Abin da zai ba ka mamaki shi ne dukansu ukun ƙarfin doki 300 suke bayarwa, babu wadda ta fi wata ko da doki ɗaya.

Wannan ba Corollar da ka sani ba ce

Kafin mu shiga lissafi, bari mu san da wa muke magana. GR taƙaitawa ce ta Gazoo Racing, sashen Toyota da ke kula da tseren motoci. Su ne ke shiga gasar tseren daji ta duniya, inda ake gudu a kan tsakuwa da laka da ƙanƙara. A 2020 suka fitar da wata 'yar ƙaramar mota mai suna GR Yaris, duniya ta ɗauka, amma ba a kai ta kasuwar Amurka ba. Da ƙorafi ya yi yawa sai Toyota ta ɗauki injin wannan Yaris ɗin da tsarin jan tayoyinta ta zuba a jikin Corolla mai gajeren baya, wadda ba ta da but irin na salun. An nuna ta ga jama'a a ƙarshen watan Maris na 2022 a Long Beach da ke jihar Kalifoniya.

Injin fulogi uku ne kacal, lita 1.6, da turbo. E, fulogi uku, ƙasa da na Corollar da ke yin tasi a unguwarku. Sunansa G16E-GTS. Sirrinsa shi ne turbo ɗin yana cusa masa iska da matsi mai yawa, har kowace lita guda ta injin tana fitar da kimanin doki 185. Don ka gane girman abin, Corolla mai gajeren baya ta gama-gari ta wannan shekarar tana da inji lita 2.0 mai fulogi huɗu, amma doki 169 take bayarwa gaba ɗaya, kuma kuɗinta bai kai dala 24,000 ba.

Jikin ma an sake masa aiki. An faɗaɗa kafaɗun tayoyi, an ƙara ɗigon walda 349 don gangar jikin ta ƙara tauri, an sa bakin salansa uku a baya. Ba a layin da ake haɗa sauran Corolla ake haɗa ta ba. A masana'antar Motomachi da ke birnin Toyota a Japan aka ware mata wuri na musamman.

Abin da kowa ke samu ko da ya sayi mafi araha

Nan ne ya kamata mai saye ya fara buɗe ido. A waya, sau da yawa mai araha ana rage mata ƙwaƙwalwa ko a ba ta firosesa mai rauni. A GR Corolla ba haka aka yi ba. Mai Core yana samun inji iri ɗaya da mai Circuit, giyar hannu mai hawa shida iri ɗaya, birki mai girma ɗaya, da tsarin jan taya huɗu da ake kira GR-Four.

Wannan GR-Four shi ne ran motar. A samfurin 2023 akwai wani maɓalli mai juyawa kusa da giya wanda da shi direba ke zaɓar yadda za a raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Kashi 60 gaba, 40 baya, don tuƙin yau da kullum. Kashi 30 gaba, 70 baya, idan kana son bayan motar ya riƙa turo ka a kwana. Sai rabi da rabi don filin tsere. Birkin hannu ma na sanda ne irin na dā, ba maɓalli ba, kuma idan ka ja shi motar tana sakin jan tayoyin baya na ɗan lokaci. Don kwanar filin tsere aka yi wannan, ba don wasan mota a gaban gidan biki ba, amma wannan zancen wata rana ne.

A ɓangaren na'urori, wanda na san shi ne ya fi jan hankalin masu bibiyar wannan shafi, duk matakan suna da allon dijital mai inci 12.3 a bayan sitiyari maimakon agogon allura, da allon taɓawa mai inci 8 a tsakiya. Apple CarPlay da Android Auto suna aiki ba tare da ka jona kebul ba, har a Core. Haka ma tsarin kariya na Toyota Safety Sense 3.0, mai taka birki da kansa idan ya hango karo, mai kuma gargaɗi idan ka fara fita daga layinka. Giyar tana da wata dabara da Toyota ke kira iMT, wadda ke daidaita juyin inji da kanta idan kana saukowa daga babbar giya zuwa ƙarama, don kada motar ta yi fizga.

Daga tsaye zuwa gudun kusan kilomita 100 a awa, daƙiƙa biyar ne ko ƙasa da haka kaɗan. Iyakar gudunta an ƙayyade shi a kilomita 230 a awa. Duk wannan a kan dala 35,900.

Core da ƙarin kaya uku

To idan haka ne, me Core ta rasa? Toyota ta cire wasu abubuwa ta ɗaure su ƙunshi uku, wanda ya ga dama ya biya a ƙara masa tun daga masana'anta.

Na farko ƙunshin sanyi ne, dala 500. Kujerun gaba masu ɗumama jiki da sitiyari mai ɗumama hannu. Ga mutumin Minesota ko Kanada wannan ba abin wasa ba ne. Ga mutumin Sakkwato ko Maiduguri kuwa, in ban da 'yan safiyoyin hunturu, babu ranar da zai taɓa maɓallin.

Na biyu ƙunshin fasaha ne, dala 770. Sifikun JBL guda takwas maimakon shida na gama-gari, wurin cajin waya ba tare da kebul ba, da taswirar cikin mota. Wannan taswirar tana tafiya ne da intanet da rajistar da ake sabuntawa da kuɗi, kuma don kasuwar Amurka aka tsara ta. Wanda ke da Google Maps a wayarsa, ga kuma Android Auto a allon mota, bai rasa komai ba. Abin da ya rage na gaske a ƙunshin shi ne sauti da caja.

Na uku shi ne wanda ya sa na rubuta wannan bayani. Ƙunshin ƙwazo, dala 1,180. A cikinsa akwai jan fenti a kan maƙallan birki, da hanyoyin da ke kai wa birki iska, amma waɗannan rakiya suka yi. Ainihin kayan su ne na'urori biyu masu suna Torsen, ɗaya a aksul ɗin gaba, ɗaya a na baya.

Mene ne Torsen, kuma me ya sa ya fi sauran muhimmanci?

Idan mota tana shan kwana, tayar da ke waje tana yin tafiya mai nisa fiye da ta ciki, don haka dole ta fi ta saurin juyawa. Akwai wani tarin haƙoran giya a tsakiyar aksul da ke ba tayoyin biyu damar juyawa da sauri daban-daban. Kowace mota tana da shi. Matsalarsa guda ce: ƙarfi yana bin inda ya fi sauƙi. Ka taɓa ganin mota ta kafe a yashi ko laka, taya ɗaya tana ta wulwulawa a banza, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ko motsi ba ta yi? To, aikin wannan na'urar ta gama-gari ke nan.

Torsen yana gyara wannan. Haƙoransa a murɗe suke, ta yadda idan taya ɗaya ta fara sulɓi sai su cije, su tura mafi yawan ƙarfin zuwa tayar da ke riƙe da ƙasa. Babu kwamfuta a ciki, babu waya, babu manhaja, ƙarfe ne zalla yake aikinsa. A mota mai doki 300, bambancin yana fitowa ne lokacin da ka taka totur kana fita daga kwana. Nauyin mota yana komawa kan tayoyin waje, na ciki su yi sakayau. Marar Torsen sai tayar ciki ta fara kartar ƙasa, kwamfutar mota ta shigo ta rage wuta ko ta dafa birki. Mai Torsen kuwa sai ta cije ta fice. Haka abin yake a kan titin da ruwan sama ya jiƙa ko wanda yashi ya rufe gefensa. Yana da iyakarsa: idan taya ɗaya ta tashi sama gaba ɗaya, ba ta taɓa komai, ba zai yi wani abin kirki ba. Amma a kwalta da wuya a kai ga haka.

Dalilin da ya sa na ce ya fi sauran muhimmanci ba ƙwazo kaɗai ba ne. Sifika ana iya sauya ta a kowane gari. Caja ana sayen ta a kasuwa a liƙa. Fiffiken baya ana odarsa a ɗaura da notuna huɗu. Torsen na gaba kuwa a cikin akwatin giya yake zaune. Kafin a sa shi daga baya sai an sauke giya an buɗe cikinta, sannan a koma a buɗe na baya. Kuɗin kayan da na aiki zai wuce dala 1,180 nesa ba kusa ba. Daidai yake da ma'adanar iPhone: abin da ka saya da ita ranar farko, da shi za ka zauna.

Circuit: dala 7,000 a kan me?

Yanzu mu yi lissafi. Circuit Edition tana zuwa da duk ƙunshin nan uku a haɗe. Idan ka ɗauki Core ka zuba mata ukun, 35,900 da 500 da 770 da 1,180, za ka tashi a dala 38,350. Tsakanin wannan da kuɗin Circuit saura dala 4,550. Wannan shi ne ainihin kuɗin da ake biya don sunan Circuit da abin da ya keɓanta da ita.

Me ya keɓanta da ita? Rufin sama na zaren kabon, wanda ya fi ƙarfe rashin nauyi. Bonet mai tudu a tsakiya da ƙofofin fitar da zafi. Babban fiffike a baya. Kujeru masu laushin fata da jan ɗinki. Kan giya mai ɗauke da sa hannun Morizo. Sai kuma ƙarancinta, domin adadi ƙayyadadde aka yi.

A cikin waɗannan, rufin kabon ne kaɗai injiniya zai tsaya ya kare. Rage nauyi daga can saman mota yana saukar da cibiyar nauyinta, ta rage tangaɗi a kwana. Gaskiya ne. Sai dai kilo kaɗan ne, kuma sauran kayan alatun da aka ƙara sun cinye ribar, har Circuit ta ɗan fi Core nauyi a ma'auni. Direban da zai ji bambancin rufin a hannunsa ba irinmu ba ne, wanda ke zagaya filin tsere da agogo ne.

Ba ina cewa wanda ya sayi Circuit ya yi asara ba. Ta fi kyau a ido, ni ma na yarda, kuma ido ma yana da haƙƙinsa. Motar da aka yi kaɗan kuma takan riƙe daraja idan an zo sayarwa. Amma a kan titi, Core mai ƙunshin ƙwazo kaɗai, wadda ta tsaya a dala 37,080, ita da Circuit tafiyarsu ɗaya. Bambancin kuɗinsu dala 5,820. Idan muka ƙaddara dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi, sama da naira miliyan 8.7 ke nan.

Morizo: ka biya ƙari a rage maka kaya

Wannan ita ce mai ban dariya a cikinsu, kuma ita ce mai labari. Morizo laƙabi ne na Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, wanda ya shugabanci Toyota daga 2009 zuwa 2023. Mutumin yana son tsere da gaske. Da wannan suna ya shiga gasar awa 24 ta Nürburgring a Jamus a 2007, lokacin da bai so a san cewa ɗan gidan Toyoda ne ke bayan sitiyari. Har yau yana gwada motocin GR da kansa kafin a sake su.

Motar da aka sa wa sunansa ta fi Core da dala 14,000, kuma abu na farko da za ka lura da shi idan ka buɗe ƙofar baya shi ne babu kujera. An cire ta gaba ɗaya, an gitta ƙarafa biyu a wurin don ƙara wa jiki tauri. An cire sifikun baya. An cire abin goge gilashin baya. Gilasan ƙofofin baya ba sa sauka, domin an cire injin da ke sauke su. Mota mai ƙofa huɗu, mai ɗaukar mutum biyu. Wurin da aka samu a baya an auna shi ne don ya ɗauki tayoyi huɗu na zuwa filin tsere.

Abin da aka samu da wannan aski shi ne ragin kusan kilo 45 idan aka gwada da Circuit. Sannan aka taɓa abin da ba a taɓa a Circuit ba. Doki yana nan a 300, amma ƙarfin murɗawa, wato abin da ke manna ka da kujera idan ka taka, ya tashi daga 370 zuwa 400 a ma'aunin Nm. An matse giyoyin farko don ta fi zabura. An sa mata wili ƙirarre mai rashin nauyi, da shokazoba na daban, da tayoyin Michelin Pilot Sport Cup 2 masu faɗin milimita 245 maimakon Pilot Sport 4 masu 235 da ke kan sauran.

Wato Morizo ce kaɗai ta bambanta da Core a ƙarfe, ba a kwalliya ba. Amma tayoyin nan na Cup 2 suna kama busasshiyar kwalta kamar danƙo, su kuma cinye da wuri, ba sa kuma son ruwa kwance a titi. Kuma guda 200 kacal aka ware wa Amurka. A Japan ma guda 70 aka fitar, sai da aka yi ƙuri'a kafin a san masu saye. Ga yawancin mutane tambayar ko ta cancanci kuɗinta ba ta ma taso ba, don ba su same ta ba.

Farashin takarda daban, na dila daban

Duk alƙaluman da na kawo farashin da kamfani ya ba da shawara ne. A Amurka ana ƙara kuɗin kai mota wurin dila, wanda a lokacin ya kama dala 1,095, sannan harajin jiha. Kuma doka ba ta tilasta wa dila ya sayar a farashin kamfani ba. Da motar ta fito masu nema sun fi motocin yawa, sai dillalai da dama suka riƙa ɗora nasu ƙarin, wani lokaci dubban daloli, musamman a kan Circuit da Morizo. Wanda ya ga yadda aka yi da PlayStation 5 a farkon fitowarta ya san wasan.

Wannan ya sa tazarar da ke tsakanin matakan a zahiri ta wuce ta takarda. Ya kuma sa wasu suka waiwayi kishiyarta, Honda Civic Type R, wadda a 2023 ta zo da mataki guda tak, babu zaɓi, a kan dala 42,895. Dala biyar ce tsakaninta da Circuit. Tana da doki 315 da fili mai yawa a ciki, amma tayoyin gaba kaɗai take ja.

Abin da Toyota ta gyara daga baya

A samfurin 2024 aka janye Morizo, aka shigo da sabon mataki a tsakiya mai suna Premium. Idan ka duba kayanta, kusan Core ce da aka zuba wa ƙunshin nan uku da kujeru masu laushi, ba tare da rufin kabon ba. Wato kamfanin ya ga abin da masu saye ke haɗawa da kansu, ya ba shi suna.

A 2025 aka yi babban sauyi. Matakan suka koma Core, Premium da Premium Plus. Ƙarfin murɗawa na 400 da dā sai Morizo ya zama na kowa. An kawo giyar otomatik mai hawa takwas a karon farko, a kan ƙarin dala 2,000. Sannan Torsen gaba da baya ya zama dole a kowane mataki, har mafi araha, wadda kuɗinta ya koma dala 38,860. Ni a ganina wannan amsa ce daga Toyota cewa tun farko bai kamata a sayar da motar babu shi ba.

An kuma ƙara kula da sanyaya inji, har da ƙaramin lagireto na biyu a manyan matakai. Wannan ba ado ba ne. Masu kai motar filin tsere sun sha ba da labarin cewa idan aka matsa mata na tsawon lokaci, na'urar da ke tura ƙarfi zuwa tayoyin baya takan yi zafi, kwamfuta ta kashe ta na ɗan lokaci, motar ta koma jan gaba kaɗai har ta huce. A tuƙin gari ba kasafai ake kaiwa nan ba. Amma wanda ke zaune inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 ya kamata ya san da zancen.

Idan za ta shigo Najeriya

Abu na farko, sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocinmu sitiyarinsu a hagu yake. GR Corollar Japan da Ostireliya da Afirka ta Kudu duk a dama nasu yake, don haka ta Amurka ko Kanada ce ta dace da mu. Kuma tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. A kan kuɗin saye sai ka ɗora na jirgi, da na kwastan, da na fito da ita. Core ta dala 35,900 kaɗai, a lissafinmu na naira 1,500, ta kusa naira miliyan 54 tun ba ta bar Amurka ba.

Na biyu, mai. Injin nan mai matsi ne sosai, kuma Toyota ta ce a ba shi fetur mai daraja, lamba 91 ko sama a ma'aunin Amurka. A kula, ma'aunin Amurka ba ɗaya yake da wanda ake amfani da shi a nan da Turai ba. Lamba 91 tasu ta yi daidai da kusan 95 a namu, kuma fetur ɗin da aka saba samu a gidajen manmu bai kai nan ba. Kwamfutar injin za ta iya ja da baya don kare shi, amma dokin da ka biya kuɗinsu ba za su fito duka ba, ga haɗarin da ke tattare da matsa wa injin turbo a kan mai marar kyau cikin zafi. Shan manta kuma kimanin kilomita 10 ne a lita ɗaya idan an haɗa gari da babbar hanya, tankinta lita 50.

Na uku, ƙasa da gyara. Tsakanin cikinta da ƙasa bai kai santimita 14 ba, tayoyinta kuma sirara ne a kan wili mai inci 18. Ramukan damina da tudun rage gudu na unguwa ba za su raga mata ba. Sunan Corolla kuma kada ya ruɗe ka. Kayan Corollar gida suna nan jibge a Ƙofar Ruwa da Panteka, kowane bakanike ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Wannan kuwa injinta da giyarta da ƙafafunta duk daban ne, kusan komai sai an yi oda.

Na huɗu shi ne inda sanin matakan zai cece ka. Yawancin motocin da ke zuwa mana daga Amurka na hannu ne, da dama kuma daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su a gyara. Motar da aka gyara gabanta ana iya sa mata bonet mai tudu. Fiffike ana ɗaurawa. Rufi ana iya manna masa baƙar leda mai zanen kabon. Jan fentin birki kuwa, wanda a samfurin 2023 shi ne alamar da ake gane mai Torsen da ita daga waje, gwangwanin fenti ɗaya ya isa. Core marar komai za ta iya tsayawa a gabanka da kamannin Circuit, a kuma nemi kuɗin Circuit.

Abin da ba a iya fentawa shi ne lambar jikin mota, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka ɗauki hotonta da wayarka, ka tabbatar ta wuraren biyu iri ɗaya ce. Waɗanda aka haɗa a Japan da harafin J suke farawa. Da wannan lamba ake neman tarihin motar a shafuka irin su Carfax, a ga ko ta taɓa haɗari ko ambaliya, kuma da ita ake neman kwafin takardar da aka manna a gilashinta ranar da aka fara sayar da ita. A wannan takarda ake jera matakinta da kowane ƙunshi da aka ƙara mata da kuɗinsa. Idan Core ce ta 2023 ko 2024, layin da za ka nema shi ne na ƙunshin ƙwazo. In babu shi a takardar, babu Torsen a motar, komai jan birkinta.